Shin hoton ƙirji yana karya garkuwar jiki?

Mai unguwa: Jama'a, likita ya rubuta wa ƙanena hoton ƙirji saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun kaka, amma ya ƙi zuwa Ringim a ɗauka, domin an ce masa an haska wa ɓeraye irin hasken da ake ɗaukar hoton da shi, sinadaran saifarsu suka rikice. Masu ilimi, a warware mana.

Malamin kimiyya: Ranka ya daɗe, gwajin gaskiya ne. Hasken yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwayoyin jiki ya haifar da guba, sai wasu sinadarai da ake kira enzayim su tashi kwashe ta. Katalas, alal misali, yana mayar da wata guba mai suna haidurojin feroksaid ruwa da iskar oksijin. Idan hasken ya yi yawa, sassan garkuwar jiki, wato saifa da ɓargo da taimus (wata 'yar gaɓa da ke cikin ƙirji), ne kan fara jin jiki. Tun a 1949 Leon Jacobson ya nuna a Jami'ar Chikago cewa idan aka kare saifar ɓera da dalma, yakan tsira daga hasken da ke kashe 'yan uwansa.

Mai kemis: To Malam, ai ka ba mara lafiya gaskiya ke nan.

Ungozoma: A'a, Alhaji, ka tsallake maganar awo. Hasken da ke kashe rabin ɓerayen gwaji yakan kai gire 7 (gire ma'aunin hasken da jiki ya sha ne, kuma a irin wannan haske gire ɗaya daidai yake da milisibat dubu), a jiki gaba ɗaya, alhali hoton ƙirji bai wuce milisibat 0.1 ba, wato kwatankwacin abin da jikinka ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin mako biyu kana zaune a zaurenka. Sai an tara hoto dubu saba'in a tashi ɗaya kafin a kamo awon da aka haska wa ɓeran.

Mai kemis: Na kuma ji cewa hasken ɗan kaɗan yana ƙara wa enzayim ɗin kuzari. Ashe ma magani ne?

Malamin kimiyya: An ga hakan a wasu gwaje-gwajen, amma ni ban karɓi fassarar ba. Idan ka ga matasa sun fito da bokitai da daddare, rumbu ne ya kama, ba lafiya ce ta ƙaru a gari ba.

Ungozoma: Baba, idan tarin tibi ne, kullum da yaransa yake kwana ɗaki ɗaya. A kai shi gobe, a haɗa da gwajin majina.

Mai unguwa: Zan sa a ɗauke shi a babur bayan asuba. Amma Alhaji bai ce ya gamsu ba.

Mai kemis: Ban gamsu ba, amma man babur ɗin yana wuyana.