Ina son fara guga a gida, wane dutse zan saya?

Maman biyu: Salam yan uwa, ina so in rinka karbar guga a gida dan samun na cefane amma wuta bata tsayawa a unguwarmu, na gawayi zan saya ko na lantarki?

Yar Fagge: Wslm, ki fara da na gawayi yar uwa, sai dai ki rinka bushe tokar a waje kafin ki dora kan farar shadda, tartsatsi daya ya huda babbar riga ke zaki biya wallahi.

Baban Abba: Hajiya ki ajiye littafi, duk wanda ya kawo kaya ku kirga a gabansa ki rubuta. Kuma kudin mai sitati daban yake dan yafi cin lokaci.

Yar Fagge: Alhamis ake cika da kayan Juma'a, ki tanadi gawayi tun Laraba.