Wai takobin katako takobi ne ko sanda?

Ɗalibin Osaka: Jama'a raina a ɓace yake wlh. Wata shida kenan ina koyon kendo, wasan takobi na Japanawa, a nan Japan, kullum da asuba sai na yi sara da bokken, wato takobin katako, har tafin hannuna ya yi kanta, na tura hoto gida wai ƙanina ya ce muciyar tuwo na riƙe. Ni kuma na ce takobin katakon nan a hannun gwani ya fi na ƙarfe haɗari. Musashi, shahararren gwanin takobi na Japan, da irinsa ya kashe abokin karawarsa Sasaki Kojiro a 1612, ana cewa ma itacen tuƙin kwale-kwale ya sassaƙa.

Baban Yara: Tsaya malam, takobi ka ce? Abin da ba kaifi ba kube ai sunansa sanda.

Ɗalibin Osaka: Yaya ai su masu abin bokuto suke cewa, ma'anarsa kenan takobin itace, tsawonsa mita ɗaya da ɗan wani abu, da lanƙwasarsa da gefen da ake ɗauka a matsayin kaifi, kana riƙe shi a karkace malami zai tsayar da kai.

Baban Yara: Su ce abin da suka ga dama, mu dai Hausa muke yi.

Bafillatanan Yola: In sanda ce ku bar mana kayanmu, yaronmu ɗan shekara goma zai kori Musashin naku.

Mai Shayi: Kai kuma wa ya taɓo ka? Kullum sai ka kawo mana shanu cikin magana.

Bafillatanan Yola: Kai dai zuba madara, daga ina take zuwa?

Malama Ta Zariya: Ni abin da na gani a bidiyo ba katako ba ne, gora ce an tsaga huɗu an ɗaure.

Ɗalibin Osaka: Wannan shinai ne anti, da shi ake gasa ana dukan juna cikin sulke. Bokken na kata ne, wato atisayen salon sara da aka tsara, ba a kai wa mutum duka da shi don yana karya ƙashi.

Mai Shayi: Au ashe ba a ma dukan kowa? To me kake ta cika mana baki tun ɗazu

Baban Yara: A matsayina na babba bari in taƙaita. Kowa ya yarda sanda ce, shi kansa mai maganar ya amsa ba ta yanka, ƙaninsa bai yi laifi ba sai dai muciya ta ɗan yi tsauri. An rufe.

Ɗalibin Osaka: Yaushe na amsa??