Zanin da Na Wanke: Musayar Baituka kan Karatun Likita

'YAR BAKORI:

Assalamu alaikum. Bana sunana ya fito a cikin waɗanda aka ɗauka karatun likita, bayan na zauna JAMB sau uku. Jiya kawuna ya tambaye ni me ya sa na nace haka, alhali ga kwasa-kwasai masu sauƙi. Bakina ya yi nauyi a gabansa, sai da dare na zauna na rubuta amsar. Duk wanda ya bi wannan hanya, ina roƙo ya mayar mini da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai saukar da cuta da magani.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da alaye, sahabbai masu imani.

Kawu ka nemi jin dalili,
Zauna ka ji, zan yi ma bayani.

Ina da shekara goma sha uku,
Daren Talata a tsakiyar rani,

Yaya ta haihu a ɗakin Inna,
Namiji ne, guɗa ta tashe ni.

Guɗar ba ta kai ga sauka ba,
Sai ga tabarma ta jiƙe da jini.

Mabiyiya ta ƙi ta faɗo,
An ba ta jiƙo, bai yi amfani.

Aka aike ni buga ƙofar masu mota,
Sai da asuba muka samu ta wani.

A-kori-kura mai ɗaukar masara,
Hanya duk rami, tana wurga ni.

Ni na riƙe kanta a cinyata,
Tana ta faɗin, "Ƙishi ya dame ni."

Tafin hannunta sanyi kamar randa,
Idonta a buɗe amma ba ta gani.

Mun isa asibiti rana ta fito,
Likita guda ne, ya kwana ya wuni.

Ya ɗaga fatar ido, ya taɓa wuya,
"Da kun zo da wuri," ya ce, ya dube ni.

Ranar uku da aka raba aiki,
Ni aka miƙa wa wankin zani.

Bokiti bakwai na ja na zubar,
Na bakwai ɗin ma da sauran launi.

A bakin rijiyar na yi alkawari,
Ba wanda ya ji sai Allah Masani.

Yaron yanzu yana aji biyu,
Ni yake ce wa Mama, ni ya sani.

Na ji akwai allurar matse mahaifa,
Oksitosin, ɗan ruwa ƙanƙani.

Ita nake so hannuna ya iya,
Kawu, abin da ke nan ya kawo ni.

LIKITAN DARE:

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta cika da shahada. Ƙarfe uku na dare ne yanzu, ina ɗakin hutu ina jiran kira. Na karanta baitukanki sau biyu. Ba zan shafa miki zuma a baki ba.

Ƙanwata barka da shigowa,
Ƙofar nan mai wuyar buɗewa,
Amma kafin ki kai ga zaunawa,
Bari in faɗi gaskiya miki.

A takarda shida ne shekaru,
A ƙasa kuwa sukan ƙaru,
A 2022 abin ya faru,
Wata takwas ana yajin aiki.

A aji biyu za ki ga gawa,
An jiƙa ta da ruwan hana ruɓewa,
Warinsa har ido yake ƙonawa,
Ranar tuwo ba ya shiga baki.

Ƙashin mutum 206,
Ki haddace su, ki manta gida,
Jijiyoyi ma sai kin ida,
Ƙasa da 50 faɗuwa ce a maki.

A aji uku jarrabawa ce siraɗi,
Nan na ga gwanaye sun faɗi,
Ba a tsallake shi da kuɗi,
Sai kwana a zaune da ciwon jiki.

Ranar rantsuwa a sha murna,
Sai horon shekara, dare da rana,
Sannan bautar ƙasa, ki je ki zauna
Inda ke kaɗai ce, ba mataimaki.

Batun allura kin yi gaskiya,
Amma ita kaɗai ba ta iya,
In ta maƙale mabiyiya,
Sai an sa hannu an ciro ta a ciki.

Sai ledar jini, sai kuma hanya,
Na sha yin ɗinki da hasken waya,
Na rasa wata, na iya, na shirya,
Irin jininta ne babu a banki.

Tambayata ɗaya ce, ki amsa ta:
Ran da wata za ta cika, kin kasa ta,
Ƙanwarta na tsaye tana kallon ta,
Me zai dawo da ke gobe aiki?

GWAGGO UNGOZOMA:

Ɗana Likita, ka faɗi gaskiya, amma rabinta ka faɗa. Na yi ritaya, idona ya fara rauni, jikata ce ke rubuta mini ina faɗa.

Ɗana ka bar tsorata yarinya,
Ni ma akwai abin da zan furta.

Shekara 35 ina karɓar haihuwa,
Na san abin da ke kashe mata.

Ba jini kaɗai ba, har da kunya,
Da jiran izinin miji kafin fita.

Na ga wadda ta kwana uku kan gwiwa,
Don an ce namiji ne likita.

Kan ɗa ya danne mafitsara,
Har naman wurin ya mutu, ya huje ta.

Ɗan bai zo da rai ba, ita ga yoyo,
Miji ya sake ta, dangi sun guje ta.

Je ki Babbar Ruga a Katsina,
Ki ga layin bayin Allah masu buƙata.

Can ake ɗinke yoyon fitsari,
Mace ta koma gida da mutuncinta.

Na ga mai jijjiga tana taune harshe,
Ana ta hayaƙi, wai iska ta buge ta.

Hawan jini ne na mai juna biyu,
Da ta je awo, da an gano cuta.

Na ga mai jego da kumburin ƙafa,
Ga kunun kanwa, ga gado a kan wuta.

A Zariya aka yi nazarin ciwon,
Zuciya ce ke gaza aikinta.

Irin wannan in ta ga mace 'yar uwa,
Takan buɗe baki ta faɗi damuwarta.

Rufaida ta kafa tanti a Madina,
Tana jinyar raunin sahabbai da hannunta.

To wa zai ce miki ba ki da gado?
Shiga da ƙafar dama, ke 'yata.

Tambayarka ɗana, bari in taya ta:
Ran kasuwa wani ya tare hanyata.

Ƙato da gemu, ya zube ya gaishe ni,
Ya ce uwarsa ba ta manta.

"Ni ne ɗan da ya faɗo bai yi kuka ba,
Kika murza bayansa har murya ta fita."

Buhun barkono ya ɗora min a keke,
Na iso gida hawaye na bin fuskata.

ƊAN ANKA:

Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya. Ina aji huɗu. Ni ba ɗakin haihuwa ne ya kawo ni ba, kuma ban taɓa ba da labarin nan a aji ba, ko ga abokin ɗakina.

Yaya Likita, Gwaggo, 'yar uwa,
Ni nawa dalilin dutse ne da gari.

A 2010 ina da shekara takwas,
Ƙasarmu ta ruɗe da neman zinari.

A tsakar gida ake daka dutsen,
A turmi, a injin niƙa, ba tsari.

Ƙurar na sauka a kan tabarma,
Masu rarrafe na lasa, ba su san hatsari.

Ƙannena biyu suka fara suma,
Amai, sanƙarewa, ido ya juya fari.

Wasu suka ce mayu, wasu aljanu,
Wasu zazzaɓin sauro, wasu tari.

Yara wajen 400 suka tafi,
Ko'ina ka duba, ɗan ƙaramin kabari.

Daga Anka har zuwa Bukkuyum,
Ba mai sunan cutar a duk gari.

Sai likitocin Na-gari Na-kowa suka zo,
Aka ɗebi jini, aka tona asiri.

Ashe dalma ce a cikin dutsen,
Mai cin ƙwaƙwalwar yaro da wuri.

Aka kankare ƙasar gidaje aka sauya,
Aka ba da ƙwayar fid da guba ta fitsari.

Ɗaya ya rasu, ɗaya ya tashi,
Har yau maganarsa ba ta fita da sauri.

Sanin sunan cuta nake nema,
A ajin fatoloji ni ke layin fari.

Yaya Likita, ran da na rasa wani,
Zan bi sawun abin da ya yi masa sari,

In rubuta shi, in kai gaba,
Ko na bayansa ya samu shiri.

NA ƘETARE:

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, don ban ga ina da bakin magana ba. Amma yarinya na shirin shigowa, gara ta ji ta kowane ɓangare.

'Yan uwa na karanta da nauyin kai,
Don ni ban tsaya a gida ba.

Ni ma da alkawari na shigo,
Ba kuɗi ko suna na biyo ba.

Sikila ta cinye min ƙanne biyu,
Iyayenmu AS ne, ba su sani ba.

Kowane ciki, haɗarin ɗaya ne cikin huɗu,
Zamaninsu ba a yi gwajin aure ba.

Na gama, na yi shekara tara a bakin aiki,
Albashi bai taɓa kai ƙarshen wata ba.

Na sha sayen safar hannu da kuɗina,
Wannan duk bai kore ni ba.

Sai ranar da 'yata ta kwanta,
Ni likita, ban iya sayen maganinta ba.

A satin na fara cike takardu,
Na tafi Ingila, ban waiga ba.

Nan akwai na'ura, akwai magani,
Wuta ba ta taɓa ɗaukewa a tiyata ba.

Amma tun da na zo, wata tsohuwa
Ba ta kawo min ƙwan zabi a ƙwarya ba.

Barau Dikko na Wusasa, likitan farko a Arewa,
Nan ya yi karatu, bai zauna ba.

Ga asibitin koyarwa da sunansa a Kaduna,
In na tuna shi, daren ban runtsa ba.

'Yata ban ce miki ki fita ba,
Ban kuma ce ki zauna ki sha wuya ba.

Ni dai shekara biyar ke nan da zuwa,
Akwai akwati ɗaya da ban kwance ba.

LIKITAN DARE:

Babban yaya, ba mai tuhuma,
Takardun fita na cike ni ma,
Suna cikin jaka, ina ta fama
Da zuciya biyu a cikin jiki.

Gwaggo na ji, na rusuna,
Ɗan Anka ka taɓa abin da ke raina,
Ga nas a ƙofa tana kiran sunana,
An kawo mai naƙuda, sai na dawo ɗaki.

'YAR BAKORI:

Ku yi haƙuri da jinkirina. Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri.

Yaya Likita, tambayarka ta zauna,
Kwana uku ke nan ina tunani.

Ban san yadda zan ji a ranar ba,
Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, yarda da ni.

Sai dai kalma biyar na likitan nan,
"Da kun zo da wuri," su suka ɗaure ni.

Ban zarge shi ba, ya gaji ƙwarai,
Ya faɗi iyakar abin da ya gani.

Amma shekara bakwai ina ce wa kaina:
Da na fi gudu a daren da aka aike ni!

Baitukanku ne suka warware mini,
Na zauna na yi kuka wuni.

Ba gudun ƙafata ne ya gaza ba,
Hanya ce, da hannu, da ledar jini.

In ranar ta zo, zan cire safar hannu,
In nemi ƙanwar, in ce, "Zo kusa da ni."

In zaunar da ita a kan benci,
Abin da ya faru in yi mata bayani.

In ce mata ba laifinta ba ne,
In yi alwala, in je in duba wani.

Gwaggo, da ƙafar dama zan shiga,
Ki riƙa sa ni a addu'a, ki tuna ni.

Ɗan Anka, ka gai da ƙanen namu,
In na iso, fatoloji ka koya mini.

Baba na ƙetare, masu sikila na nan,
Ko hutu ne ka zo mana da rani.

Jiya na je na ba da leda guda,
Rukunin O ne, sai jiya na sani.

Litinin zan kama hanyar jami'a a Samaru,
In Allah ya so, asibitin Shika ya karɓe ni.

Yaron Yaya ya ce shi zai ɗau jaka,
Har tasha ya rantse zai raka ni.

Inna ta ɗaure min kuka da daddawa,
A ƙasan akwatin na ninke zani.