Kwanan wata yana komawa jiya idan an yi ciniki bayan sha biyun dare

Ɗalibin Kwamfuta:
Assalamu alaikum. Ina gina shafin ciniki da JavaScript, kuma ina adana lokacin kowace oda da lambar Unix, wato adadin daƙiƙun da suka wuce tun daga 1 ga Janairu 1970. An yi wata oda a Kano da ƙarfe 12:30 na dare, ranar 1 ga Janairu 2024, lambarta 1704065400, amma sai rasit ya nuna 31 ga Disamba 2023. Daga toISOString, wato umarnin JavaScript da ke mayar da lokaci rubutu, na yanko kwanan watan. Shin in riƙa ƙara daƙiƙa 3600 a kan lambar kafin in adana ta?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa lambar, domin lafiyarta ƙalau. Ita lambar Unix ba ta da gari, lokaci guda take nunawa a duk duniya. Shi kuwa toISOString kullum da agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokutan ƙasashe da shi, yake ba da amsa, kuma Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka a daidai lokacin da mai odar yake ganin sabuwar shekara ta kama, ƙarfe 11:30 ne na daren jiya a can. Ka bar abin da ka adana yadda yake, sai an zo nunawa ka yi amfani da Intl.DateTimeFormat, mai tsara yadda ake nuna kwanan wata, ka sa masa timeZone, wato sunan yankin lokaci, ya zama Africa/Lagos.

Mai Koyarwa:
Ina goyon bayan Malam, musamman a kan kada a ƙara 3600 ɗin. Dabarar za ta yi aiki a Kano da Damagaram, amma ranar da ka samu mai saye a Landan za ta ba ka kunya, domin Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Gwamnatoci ma suna sauya lokaci: Sudan ta koma UTC+2 daga UTC+3 a Nuwamba 2017. Sunan yanki yana tafe da wannan tarihin duka, ƙarin da aka rubuta da hannu kuwa bai san an yi ba.

Tsohon Hannu:
Na manta abu ɗaya. Date, mai riƙe lokaci a JavaScript, da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake lissafi, don haka ka ninka lambar da 1000 kafin ka miƙa masa, in ba haka ba zai kai ka 20 ga Janairu 1970.

Ɗalibin Kwamfuta:
Na gwada, rasit ya dawo 1 ga Janairu. Allah ya saka muku da alheri.