Na tsinci ƙwayoyi masu launi a aljihun ƙanena, wai "moli"

Yayar Abba, Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanena ɗan shekara 22 ya zo hutu daga Abuja, ran Asabar ya tafi bikin abokinsa, bai shigo ba sai bayan asuba. Da na kai masa koko na same shi ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ta cizon haƙora har ina jin ƙararsu, baƙin idonsa ya buɗe ƙwarai. Yaron da gaisuwa ma sai an ja shi, ranar nan riƙe hannuna ya yi yana cewa ba shi da kamata a duniya. Da na zo wanki na ga ƙwayoyi biyu a ƙullin leda cikin wandonsa, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗiya, da tambari a jiki. Ya ce moli ce, ba irin tiramol ba ce, wai Turawa har magani suke yi da ita. Yau Talata ya ƙi fitowa daga ɗaki, ba ci ba magana. Ban gaya wa Hajiya ba saboda hawan jininta. Mece ce wannan abar?

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sunanta MDMA, wasu su ce ekstasi. Tana sa ƙwaƙwalwa ta juye sinadarin serotonin, mai sa mutum jin daɗi a rai, da yawa a lokaci guda, shi ne wannan son mutanen da kika gani. Bayan awa uku zuwa shida ta sake shi, rumbun ya koma wayam, sai kwanakin ƙunci su biyo baya. Abin da yake ciki yau ke nan. Ki riƙa leƙa shi, idan ya ambaci gajiya da rayuwa kada ki ɗauka wasa ne.

Ni abin da ya fi tsorata ni zafi ne. Ƙwayar tana ɗaga zafin jiki, ga rawa, ga cunkoso, ga zafin Gombe na watan Afrilu da ke kai maki 40. Jiki na iya ɗaukar zafi har tsoka ta lalace, ƙoda ta tsaya. Kuma ɗura ruwa ba shi ne mafita ba, don tana riƙe fitsari, ruwan ya tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Haka Leah Betts, 'yar shekara 18, ta rasu a Ingila a 1995, bayan ta sha ƙwaya ɗaya ta bi ta da ruwa wajen lita 7.

In kin ga jiki ya yi zafi rau, ko surutai marasa kai, amai, farfaɗiya ko ciwon ƙirji, ki rage masa kaya, ki shafa masa ruwan sanyi, ku nufi asibiti. Ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Tsohon ɗan acaɓa, Jekadafari:
Yaya, ki tambaye shi abu ɗaya: yana taɓa tiramol? Ni na sha ta shekaru kafin Allah ya raba ni da ita, na san samarinmu ba sa shan abu guda. Haɗa su biyun na kawo jijjiga da sanƙarewar jiki, yana kisa. Sannan shi kansa bai san me ke cikin ƙwayar ba. Tambarin nan kowa na iya bugawa, ana cakuɗa ta da wasu gubobin.

Malam Buba, Tudun Wada:
Zancen magani kuwa, rabin gaskiya ya ba ki. Ostireliya ta yarda likitocin ƙwaƙwalwa su yi amfani da ita tun 2023, ga masu fama da firgicin bala'in da suka gani, a gaban likita. Amurka kuma ta ƙi amincewa a 2024. A nan haramtacciya ce, in NDLEA ta same shi da ita kotu za a je. Kada ki bar su a gidan.

Yayar Abba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na shiga na zauna kusa da shi, ban yi faɗa ba. Ya amsa cewa daren ya haɗa da tiramol guda. Jikina har yanzu rawa yake. Ƙwayoyin na jefa su a masai. Ya yarda gobe mu je ya ga likita, da sharaɗin ni zan raka shi ba Baffa ba. Yanzu dai ya sha kunu rabin kofi.