Lissafin ƙarar motoci ya ƙi dacewa da abin da na auna a titin Zariya

Ɗan Na'ibawa:
Assalamu alaikum malamai. Ina aikin kammala digiri kan ƙarar motoci a titin Zariya, nan Kano. Na ƙirga motoci, na ɗauki gudunsu, na zuba a CoRTN, wato lissafin hasashen ƙarar motoci na Ingila, bugun 1988. Amma duk ranar da na kafa na'urar awon ƙara a bakin titi sai ta zarce lissafin da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Malamina ya ce in sake ƙirga. Sau uku ke nan ina shan rana. Laifin na'ura ne ko nawa?

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. A ina ka tsaya, yaro? In akwai bango a bayanka, ƙarar dawowa take yi. CoRTN da kansa yana ƙara desibel 2.5 idan wurin awon yana mita ɗaya daga jikin gini. Ka sa wa makirufo sosonsa saboda iska, ka daidaita na'urar kafin awo da bayansa.

Yar Zazzau:
Ƙanena, bar wahalar sake ƙirga. Sai motoci sun ninka kafin ƙara ta hau da desibel 3, to 6 ɗin nan sai ka yi kuskure ninki huɗu. Ba ka yi ba.

Lissafin ne bai san titinmu ba. Kashi biyu kawai ya raba motoci: ƙanana, da manya masu nauyin sama da kilo 1525 ba kaya. Ina zai sa adaidaita sahu? Ina babur? Tirelar da salansarta ta fashe fa? Hon kuwa babu shi a ciki sam, mu kuma da hon muke gaisawa, da shi muke kiran fasinja.

Ka auna kowane irin abin hawa shi kaɗai yana wucewa, ka rubuta gudunsa, ka fitar da gyaranka daga nan. Wurare kaɗan ka ware su gefe, kada ka sa su cikin gyaran, da su za ka gwada ko ya yi.

Ɗan Na'ibawa:
Allah ya ƙara girma, Baba Injiniya, ashe katangar wani shago na jingina wa saboda inuwa. Yaya, na gode. Amma yaushe zan samu mota ɗaya tilo a titin nan?

Yar Zazzau:
Bayan sallar asuba, ranar Lahadi. Ka tafi da wanda zai riƙe maka takarda.