Fasfo ta intanet: in cike da kaina ko in ba ɗan kamasho?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba zai tafi Umara, muna son yi masa fasfo. An ce yanzu ta shafin hukumar shige da fice ta Najeriya ake cikewa, a biya kuɗi can. Ni dai gabana faɗuwa yake, kada kuɗin ya tafi a banza. Shafin abin yarda ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Abin yarda ne, ɗan'uwa, in kan na gaskiyan ka hau. Duba adireshin da kyau, dole ya ƙare da gov.ng: passport.immigration.gov.ng. Duk wanda ya turo maka wani ta WhatsApp, ko ya ce ka zuba kuɗi a asusunsa, ka rabu da shi. Tun watan Janairun 2024 aka koma wannan tsari. Za ka sa lambar NIN ta Baba, wato lambar shaidar ɗan ƙasa mai lamba 11, ka ɗora hoto mai farin bango da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, ka biya, ka zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Wannan ranar kam sai Baba ya je da kansa.

Amsa ta biyu:
Inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne suna. Shafin daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yake jawo bayanai, abin da ya tarar can shi zai rubuta. A NIN an sa Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu, ko an juya sunan mahaifi ya zo gaba, ko ranar haihuwa ta saɓa: aiki ya tsaya, sai a ce shafin banza ne, alhali tun wajen rajista aka yi kuskuren. Kafin ka biya ko sisi, jera takardun Baba a gabanka ka bi su harafi bayan harafi. In akwai saɓani, a fara gyarawa a NIMC, kuma gyaran yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana. Don Allah kada ku bari sai tafiya ta matso.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan, Malam. In banki ya cire kuɗi shafin bai nuna ba, kada ka sake biya. Adana saƙon bankin da lambar takardar neman, ka dakata kwana ɗaya ko biyu, in shiru ka kai su ofishin fasfo. Imel da lambar waya kuma naku za ku sa, ba na mai shagon intanet ba, domin can duk saƙonni za su riƙa shiga.